Ranar Da Na Ce Wa Malam Wasu Dole

Na san abin da aka gaya muku. Ko ba ku tambaye ni ba, na ga tambayar a fuskar Hadiza ranar sunan ɗanta, sa'ad da na shiga cikin gida gaisawa, gwaggonku Ladi ta yi suɓul da baka ta ce, "Ai babanku ne ya kori baƙo daga gidanmu na Dingaya." Mata suka yi shewa aka wuce wurin, ni kuwa maganar ta biyo ni har gida. Ladi ba ƙarya ta yi ba, amma lokacin da abin ya faru ko tallan nono ba a fara ɗora mata ba, abin da ta tsinta a bakin manya shi ta riƙe. Manyan nan duk sun riga mu gidan gaskiya, Allah Ya jiƙansu. Tunda ni kaɗai na rage cikin waɗanda suka san yadda aka yi, gara in faɗa muku da bakina tun ina da sauran haƙoran faɗa.

Baƙon nan sunansa Mista Nwosu, mutumin ƙasar Ibo ne, malamin Turanci a wata makaranta a Birnin Kudu tun kafin a sami 'yancin kai. Bakinmu ya kasa ɗaukar sunansa, sai muka mayar da shi Malam Wasu, shi kuma ya karɓa da hannu biyu. In ya zo wuri sai ya yi sallama ya ce, "Wasu sun iso." Ni a lokacin ƙaramin malami ne a firamare, da 'yar takardar shaidata wadda ba ta kai ko'ina ba, ina fafutukar zama babbar jarrabawa don in samu shiga kwaleji. Turancina kuwa irin na allo ne, na haddace shi tsaf amma ban san inda yake cizo ba. Malam Wasu ya ji ni wata rana ina karanta wa yara labari, ya kira ni gefe ya ce in riƙa zuwa gidansa bayan la'asar. Haka muka riƙa zama a gindin tsamiyar ƙofar gidansa, duwatsun garin nan suna gabanmu rana tana sauka a kansu, matarsa tana aiko mana da soyayyar doya mai yaji har sai hancina ya yi ruwa. Ban taɓa jin daɗin karatu irin na wannan wuri ba, kafin nan ko bayansa.

Manyan kalmomi ba su dame shi ba. Abin da yake ƙauna su ne 'yan ƙananan nan da suke shiga gaban aikatau: can da may da might, should da must, shall da will da would. 'Yan rakiya yake ce musu. Ya ce su kansu ba sa aikin komai, aikatau ne yake gaya maka abin da za a yi, amma ɗan rakiyar shi ke gaya maka abin da ke zuciyar mai magana, ko izini yake bayarwa, ko zato yake yi, ko shawara, ko tilas. Ni na ɗauka na gane, har sai ranar da wani Bature mai duba makarantu ya zo ajinmu, ya ga katangar baya ta zube, ya dube ni da murmushi ya ce, "You might like to have that wall repaired." Na fassara a raina, wai wataƙila zan so a gyara katangar. Na duba zuciyata, na ga ban wani matsu ba, iska ma tana shigo mana ta nan. Da mutumin nan ya dawo ya tarar da katanga yadda ya bar ta, sai da kunnuwansa suka yi ja, ya wanke ni tas a gaban yara. Da yamma na kai ƙara gindin tsamiya, ina jiran a taya ni jin haushi, sai Malam Wasu ya yi ta dariya har da riƙe ciki.

"Umaru," ya ce, "in babba ya ce maka might, to must ce ta sa babbar riga. Kuma kai ne bai kamata ka faɗa wannan rami ba. In babanka ya ce, 'Ko za a leƙa shanun nan,' tambaya ya yi?"

Na ce, "A'a."

"To ku da Turawa duk kanwar ja ce. Ba wanda yake shiga magana ta ƙofa, kowa sai ya zagaya ta bayan gida."

Ya san babana ne saboda kowane hutu tare muke hawa kekuna mu tafi Dingaya. Tun zuwansa na farko ya shanye ƙwaryar fura da nono ya nemi ƙari, daga nan ya shiga ran Inna. Baba kuwa kun dai ji labarinsa, mutum ne wanda maganarsa ba ta da yawa, ni kuma ɗan fari ne, don haka bai taɓa kiran sunana ba, in zai yi mini magana sai ya dubi wani wuri ya faɗa wa iska. Amma da Malam Wasu sai su raba yini a ƙofar zaure suna hirar shanu da damina. Har karsana Baba ya nuna a garke ya ce ta Malam Wasu ce, yara suka sa mata suna Ticha. Wani lokaci nakan zauna daga nesa ina jin muryar mahaifina tana tashi da dariya, in ji wani ɗan kishi, in kuma ji daɗi, don ta bakin baƙon nan ne na san ashe Baba yana alfahari da karatuna.

Sai shekarar nan ta zo da ƙasa ta rikice. Ba zan ba ku tarihinta ba, kun karanta a makaranta, ko da yake abin da ke cikin littafi daban, abin da mutum ya ji a cikinsa daban. Da farkon damina aka fara jin mugun labarin abin da ke samun Ibo a manyan birane, Malam Wasu ya sa iyalinsa a mota suka tafi gida. Shi ya ƙi tafiya, ya ce ɗalibansa suna da jarrabawa, ni ma ina da tawa. Kafin gero ya nuna, labari ya ƙara muni. Maƙwabtansa sun yi ta ce masa ya kwantar da hankalinsa, kuma na yarda har zuciyarsu suka faɗa, amma Birnin Kudu a kan babbar hanya take, ba ka san wanda mota za ta sauke ba. Na ɗauke shi muka tafi Dingaya. Baba ya ba shi ɗakinsa na kansa, ya tsaya a ƙofar gida bayan sallar azahar, mutanen unguwa suna ji, ya ce:

"Wasu ya sha nonon gidan nan. Zai zauna har ƙura ta lafa, ko shekara nawa ne. Wanda yake nemansa, ni zai fara samu."

Ba wanda ya yi musu, don an san Baba ba ya magana biyu. Na ji sanyi a raina ranar. Amma ni ne nake komawa gari wurin aiki, ni nake ganin motocin kaya suna wucewa maƙare da mutane da tabarmi da tukwane, ni nake jin abin da direbobi ke faɗa a tasha da murya ƙasa-ƙasa. Akwai wani direba Ɗanjuma, mijin 'yar ƙanwar Inna, mai jigilar kaya zuwa wajen Jos. Ya ja ni bayan motarsa ya ce har yanzu hanya tana biyuwa, jirgin ƙasa ma yana ɗibar masu tafiya kudu, amma shi bai ɗauki alkawarin mako mai zuwa ba. Ya ce zai bi ta Gwaram ranar kasuwa, in mutumina zai tafi, to ranar ce. Na koma Dingaya ina tuƙa keke ina tunanin gidanmu. Dangar kara ce ta kewaye shi, makaminmu sandar kiwo, ƙarfinmu kuwa kwarjinin dattijo ɗaya. Kwarjini yana aiki a kan wanda ya san ka. Na kuma san in wani abu ya zo, Baba zai tsaya a ƙofar nan kamar yadda ya faɗa, in rasa su duka biyun.

To amma ta yaya ɗan gida zai ce wa baƙo ya tafi? Ku 'yan zamani kuna iya ganin abin da sauƙi. Mu a gidanmu ko almuru ta yi wa mai tallan gishiri, ba a tambayarsa yaushe zai wuce. Sai na fake da Turanci, don a cikinsa kunya ba ta kama ni sosai. Na same shi a gona yana taya ƙannena ɗaurin damin gero, na tsaya ina sosa ƙeya na ce:

"Sir, you might consider travelling home."

Ko ɗagowa bai yi ba. Ya ce, "Might. Wato ina iya tafiya, ina iya zama. Na gode. Miƙo mini igiyar can."

Washegari na ƙara matsawa. Na gaya masa duk abin da Ɗanjuma ya ce, na rufe da "You should go, sir," wato ya kamata ya tafi.

"Shawara ce wannan," in ji shi, "kuma mai kyau. Sai dai babanka ma ya ba ni tasa, tasa kuwa ta girmi taka."

Haushi ya kama ni, na ce masa da Hausa yanzu ba lokacin darasi ba ne. Sai ya ajiye abin da ke hannunsa ya dube ni, na ga ashe mutumin nan ya rame ban lura ba.

"Umaru, kana tsammani ban san abin da ake ciki ba? Tunanin 'ya'yana ya hana ni sakat. Amma dattijon nan ya bar mini ɗakinsa, ya yi magana a gaban jama'a. In na saɓi jakata na fita don kaina, na gaya wa duk Dingaya cewa maganarsa ba ta isa ta tsare mutum ba. Ba zan saka masa da wannan ba, ko me zai same ni."

A nan na gane inda gizo yake saƙar. Baba ba zai ce ya tafi ba, shi kuma ba zai ce zai tafi ba, mutunci ya ɗaure su da igiya ɗaya. Sai an sami wani marar kunya a gidan da zai yanke ta, a ce laifinsa ne. Na duba gabas na duba yamma, ban ga kowa ba sai ni.

Ranar kasuwar Gwaram da hantsi, an gama tatsa, Baba yana kan buzunsa a ƙofar zaure, Malam Wasu yana gefensa, ga wasu dattawan unguwa sun zo gaisuwa. Na zo na durƙusa. Har a wannan lokaci ina neman hanyar zagaye, sai na ce:

"Sir, you have to go."

Ya dube ni irin kallon da yake yi mini a gindin tsamiya in na kusa amsa amma ban kai ba. Ya ce da Turanci, a hankali, yadda ni kaɗai zan gane:

"Have to. Wa ya ce?"

Na ce halin da ake ciki ne ya ce.

"Haka ne. Have to tilas ce da ta zo daga waje, mai faɗinta ɗan aike ne kawai, yana iya karkaɗe rigarsa ya ce ba ruwansa. Halin da ake ciki babanka ya san shi, ya kuma ce in zauna. Akwai wadda mai faɗinta yake ɗaukar nauyinta a kansa. Ka san ta."

Na san ta mana. Na ɗaga kai na dubi malamina, mutumin da bai taɓa karɓar ko goro a hannuna ba, na ce:

"You must go, sir. Today."

Ya sunkuyar da kai. Baba ba ya jin Turanci, amma yana jin murya. Ya dubi bishiyar da ke gabansa ya ce, "Me ake cewa ne?" Malam Wasu ya buɗe baki zai sassauta maganar, na riga shi.

"Baba, na ce masa dole ya tafi yau. Ni na ce, ba shi ya nema ba."

Tunda aka haife ni ban taɓa yi wa mahaifina magana ido da ido haka ba. Dattawan nan suka hau salati. Baba kuwa ya ce, ba tare da ya dube ni ba:

"Ashe gidan ya sami sabon mai shi."

Ya tashi ya shiga ciki. Da ya fito yana riƙe da farar rigarsa ta zuwa Juma'a da hularsa, ya miƙa wa Malam Wasu ya ce, "An fi ƙarfina a gidana. Ka yafe mini." Malam Wasu ya zube a gabansa yana kuka kamar yaro. A cikin gida Inna tana ɗaura masa man shanu da dawo a tsumma, tana kuka tana faɗa wa bango cewa boko ya cinye mata ɗa. Na goya shi a keke zuwa Gwaram. Da Ɗanjuma ya tayar da mota, Malam Wasu ya leƙo ta taga cikin rigar Baba wadda ta yi masa yawa, ya ce:

"Ka zauna jarrabawar nan. Ita ma must ce, kuma ni na ce."

Abin da ya biyo baya kun ji gutsurensa. Baba bai ƙara amsa gaisuwata ba har wata damina ta zagayo. A Dingaya in na wuce sai a yi shiru, in na ba da baya a ce ga mai korar baƙo. Akwai wata yarinya da nake nema a Farin Dutse, ubanta ya aiko cewa ba zai haɗa zuri'a da wanda ba ya jin kunyar baƙo ba. Ku yi wa dattijon nan addu'a, don ba don shi ba da ban je Wurno na ga mahaifiyarku ba, da yanzu ba ku nan kuna yi mini kallon tuhuma. Har Baba ya rasu ban sani ba ko fushinsa na gaske ne har ƙasan zuciya, ko kuwa ya gane na sauke masa kayan da ba zai iya saukewa da kansa ba. Irin wannan ba a tambayar uba. Abin da na sani shi ne karsanar nan ya hana a sayar da ita ko 'ya'yanta, ko a shekarun fari da muka ga tasku, ya ce dukiyar mutane ce.

Na ci jarrabawa, na je kwaleji, na dawo na koyar da Turanci a Birnin Kudu da Gwaram har ƙarfina ya ƙare. Ɗanjuma ya ce ya sauke Malam Wasu a bakin tashar jirgi, ya ga farar rigar ta shige cikin taro, iyakar abin da ya gani ke nan. Bayan nan aka yi yaƙi. Da aka gama, mutanensu suka fara dawowa suna buɗe shaguna, kuɗin mai ya shigo, aka yi ta gine-gine, kowa yana murna. Ni kuwa duk shagon da na ga sabon Ibo sai na shiga na tambaya. Su yi mini kirki, su ba ni kujera, su ce Malam, Nwosu a wurinmu kamar Musa ne a wurinku, wane gari? Sunan garin da na riƙe ma ashe ban riƙe shi daidai ba. Har yau ban sami wanda ya gan shi ba, ban kuma sami wanda ya ce ya ga kabarinsa ba. A Dingaya kuwa, Allah cikin ikonSa, ba abin da ya faru, ko kaza ba a taɓa ba. Wannan ne abin da yake cina. Da ya zauna, da ya ga ƙarshen abin lafiya a ɗakin Baba. Ni na sa shi a hanya, kuma a ranar, da abin da na sani, ko yau aka mayar da ni can abin da zan faɗa ke nan.

Da Baba ya tsufa ƙwarai, duk ranar da na je gaishe shi, bayan an gama gaisuwa sai ya dubi ƙofar zaure ya ce, "Ko Wasu ya isa gida?" In ce, "Ya isa, Baba, in Allah Ya yarda." Sai ya gyaɗa kai.

A ajin ƙarshe akwai darasin da nake koyarwa kowace shekara, yadda ake zato a kan abin da ya riga ya wuce. In ba ka da hujja sai tsammani, may have za ka ce, wato mai yiwuwa ne ya faru. In hujja ta ɗaure ka ta ko'ina har ba wata mafita, sai ka ce must have, wato lalle ya faru. Na sha jan kunnen yara a kan wannan, ɗalibaina na nan da ransu, ku tambaye su. Amma misalin da nake rubutawa a allo bai taɓa canzawa ba: He must have arrived safely. Lalle ya isa lafiya. Wata shekara wata yarinya mai kaifin kai ta ɗaga hannu ta ce:

"Malam, ka ce sai da hujja ake cewa must have. Shi wannan mutumin, mece ce hujjar cewa ya isa?"

Na tsaya da alli a hannu. Yarinyar nan ta fi ni gaskiya, a ƙa'ida may have ya kamata in rubuta, kuma da malamina yana wurin da shi zai fara ba ta maki. Na ce ta zauna, tambayarta ta yi kyau. Ban goge ba. Ku ma in kun zo ba 'ya'yanku labarin nan, ku faɗi duk abin da kuka ga dama a kaina, amma wannan jimla ɗaya kada wanda ya gyara mini ita.